Kwastomata ta dawo da kunne a kumbure, mai sarin kaya ya ce wai za ta saba

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina haɗa 'yan kunne da sarƙa da awarwaro da hannuna ina sayarwa ta WhatsApp da Instagram, shekara biyu kenan. Satin da ya wuce wata kwastomata ta turo min hoton kunnenta ya kumbura yana tsatsar ruwa, wuyanta ma ya feso da ƙuraje daidai inda makullin sarƙar yake zama. Na yi wa wanda nake sarin ƙugiya da waya a wajensa magana ya ce ba komai, fatarta ce ba ta saba ba, ta ci gaba da sawa. Wallahi hankalina a tashe yake, kar a ce ina cutar mutane ban sani ba, ga shi har na yara ina yi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin komai ki kira ta yau ɗin nan ki ce ta cire kar ta ƙara sawa, ta wanke wajen da ruwa da sabulu marar ƙamshi ta bar shi ya sha iska. In akwai mugunya, ko zogi, ko kumburin yana yaɗuwa, ko zazzaɓi, to ƙwayar cuta ta shiga, asibiti za ta nufa, ballantana in hujin na saman kunne ne wajen guringuntsi, don nan jini bai cika isa ba kuma in ya lalace kunnen lanƙwashewa yake ba ya komawa yadda yake.

Yadda kika bayyana ɗin nan, kunne da kuma daidai makullin sarƙa, nikel nake zargi. Shi ne ƙarfen da ya fi kowanne jawo alaji a fata, wato jiki ya ƙi karɓar abu ya riƙa ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma yana cikin mafi yawan ƙugiya da makulli masu araha. Zufa ce ke narkar da shi kaɗan-kaɗan ya shiga fata, kuma ƙaiƙayin ba nan take yake fitowa ba, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, shi ya sa mata da yawa ke ɗora wa turare ko sabulu laifi.

To maganar "za ta saba" ɗin nan ita ce ke ci min rai, don kusan kullum sai na ji ta a ɗakin duba marasa lafiya. Ba ta sabawa. Ba takalmi ba ne da zai buɗe in an daure an taka. Garkuwar jiki ce ta riƙe ƙarfen nan a matsayin maƙiyi, kuma in ta riƙe ta riƙe kenan har ƙarshen rayuwa, duk ƙarin sawa ƙara tunzura ta ake yi, wadda da kunne kawai ke damunta sai ka ga ta dawo maɓallin wando ya yi mata tabo a ƙasan cibiya, agogo ya zagaye mata hannu, ƙarfen tabarau ya cinye mata bayan kunne. Na duba wata yarinya da ta yi wata huɗu tana daurewa saboda an ce mata haka, fatar kunnen ta yi kauri ta yi baƙi ta tsattsage kamar faso, in ta cire ɗan kunnen sai ɓawon ciwon ya biyo shi. Kuma a baƙar fata abin ba ja yake nunawa ba, duhu yake yi da furfura-furfura, sai a raina shi, bayan ya warke ma tabon sai ya yi watanni. Wadda jikinta ke yin tsiro a tabo kuwa, ciwon da ya ƙi warkewa a huji yana iya tayar mata da wanda sai an yi aiki.

Abin takaicin ma su wa ke ba da wannan fatawa? Mai sayar da waya, da masu haɗa man shafawa a intanet da ba su san sunan abin da suka zuba ba. Sai su ba mace man da ke ɗauke da siteroyid mai ƙarfi, wato maganin da ke danne ƙaiƙayi da kumburi, ƙaiƙayi ya lafa kwana biyu ta ce ai ta saba, alhali ƙarfen na nan yana aikinsa, man kuma yana sirantar da fatar. Mu ma muna ba da siteroyid amma na 'yan kwanaki, kuma bayan an cire abin da ke jawo ciwon. Masu cewa a shafa jan farce marar kala a ƙugiya, e yana ɗan tarewa, amma ɓarewa yake, ke mai sana'a ba za ki dogara da shi ba. Kuma don Allah duk wanda bai taɓa ganin kunnen da ya ruɓe ba ya ji tsoron Allah ya daina cewa mutane su daure.

Ba don wasa ba ƙasar Denmak ta yi wa nikel doka a 1990, Tarayyar Turai ta bi a 1994, suka ƙayyade yawan da kayan ado zai riƙa saki, kuma na abin da ke shiga huji ya fi tsanani. Bayan dokar an ga alajin ya ragu a 'yan matan Denmak.

Yanzu abin da ake yayi shi ne jera sarƙa biyu uku a wuya, huji da yawa a kunne, da masu ruwan gwal da ake cewa ba sa kodewa. Ruwan gwal mai araha ya fi silin gashi siranta sau ɗari, kuma sau da yawa nikel ake fara shimfiɗawa a ƙarƙashinsa, yana gogewa fata ta haɗu da shi. Ki koma ƙugiyar taitaniyam in kin samu, ita ce ta fi kwanciyar hankali. Sitenles mai lamba 316L akwai nikel a ciki amma kaɗan yake saki, yawanci yana karɓar mutane sai masu tsananin alaji. Azurfa mai tambarin 925 ma ta yi in ta gaske ce, amma wadda ake kira azurfar Jamus ko ɗigon azurfa babu a cikinta, jan ƙarfe ne da nikel da zinki. Akwai wani ruwan gwaji DMG, a ɗiga a auduga a goga wa ƙarfen, in ya koma ruwan hoda akwai nikel, ki nema ki riƙa gwada duk sabon sari. Koren da jan ƙarfe ke bari a fata kuwa, wanda mutane suka fi tsoro, wankewa yake ba ya komai.

Na yaran ya fi tayar min da hankali. Ƙananan adon ƙarfe masu nauyi da araha, irin zuciya da tauraro da ake ratayawa, wasu darma ce ko kadmiyam, ƙarafa masu guba, kuma yaro baki yake kaiwa. A 2006 wani yaro ɗan shekara 4 ya rasu a jihar Minesota ta Amurka bayan ya haɗiye irin wannan adon, da aka gwada kusan gaba ɗayansa darma ce. Ido ba ya gane ta, nauyi kuma ba shaidar inganci ba ne. Duk abin da ba ki san haɗinsa ba ki cire shi daga kayan yara, 'yan ƙasa da shekara 3 ma kar ki yi musu komai mai ƙananan duwatsun da za su iya tsinkewa.

Ita kwastomar ki mayar mata da kuɗinta ki faɗa mata gaskiya, ki ce ta ga likitan fata a yi mata gwajin da ake mannawa a baya na awa 48 don a tabbatar. Sannan ki bi sauran waɗanda suka sayi irin ƙugiyar nan ki tambaye su, ki canja wa duk mai ƙorafi, daga yanzu kuma a ƙarƙashin kowane hoto ki rubuta ƙarfen da kika yi aiki da shi, mai sarin da ya kasa faɗa miki abin da ke cikin kayansa ki canja shi.