Ga mai son rubuta labarin 'yar riƙo

Ƙanwata, kin ce kina shirin rubuta littafi a kan yarinyar da ta tashi a riƙo ta yi ciki tana shekara 15, kina neman shawarar waɗanda suka san abin. Ni a hannun gwaggona na girma nan Maraɗi, yanzu ina koyarwa a kwaleji, to bari in sa baki.

Don Allah kada ki maida mariƙiyar azzaluma mai bulala da horon yunwa. Mun karanta irin wannan har mun ƙoshi, kuma yawancin riƙo ba haka yake ba. Gwaggona ta ciyar da ni, ɗinkin salla iri ɗaya take mana da 'ya'yanta. Abin da na rasa shi ne wadda zan tambaya. Ranar da 'yar riƙo ta fara ganin al'ada, uwarta na can Dakoro ko Tasawa. Mariƙiya na ganin wannan magana ta uwa ce, uwa kuma ta ce ai ta bayar, balle in 'yar fari ce da ko sunanta ba ta faɗi don kunya. Sai yarinya ta koya a bakin ƙawayen talla a tasha, ko wajen mutumin nan mai sayen tiren gyaɗarta gaba ɗaya kowace yamma. Shi kam ki ba shi fara'a da kyauta, haka suke.

In ciki ya fito, gida biyu ne za su yi ta jifar juna. Can a ce "kun lalata mana ɗiya", nan a ce "da halinta ta zo". Riƙonmu ba takarda, ba ta gadon mariƙinta, waliyyinta na nan ubanta, don haka maida ta ƙauye abu ne na dare ɗaya.

Kada kuma ki rubuta cewa doka ce ta kore ta daga lakwal. A Nijar tun Disamba 2017 akwai dokar kare karatun 'ya mace, a 2019 kuma aka ba mai ciki da mai goyo damar ci gaba. Bakin 'yan aji da na unguwa ke korar su, na gani da idona. Haka awon ciki: tun 2006 gwamnati ta ce kyauta ne, amma mai ɓoye ciki cikin hijabi yaushe za ta bi layin awo da matan unguwarsu? Daga nan sai doguwar naƙuda a ɗaki, wasu har yoyon fitsari, a kwashe su zuwa asibitin masu yoyon fitsari na Danja.

Babin da nake jira shi ne na ranar suna: wa zai sayi rago, a gidan wa za a yanka, kuma sunan wa za a rubuta a gurbin uba cikin takardar haihuwa.