Harold Pinter: Yaushe Siyasa Ta Shiga Wasanninsa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin adabin Ingilishi ne. An ce mana sai da Harold Pinter ya tsufa sannan ya tsunduma siyasa, wai ita ce ma ta sa aka ba shi Nobel. Gaskiya ne?

Amsa: Wanda ya faɗa maka haka ya kama reshe ya bar tushe. An haifi Pinter ranar 10 ga Oktoba 1930 a unguwar Hackney da ke gabashin Landan, mahaifinsa tela ne Bayahude. Yana ɗan shekara 18 ya ƙi shiga aikin soja na dole, aka gurfanar da shi sau biyu, aka ci shi tara.

Sake karanta wasan kwaikwayonsa The Birthday Party na 1958, wanda aka rufe a Landan bayan mako ɗaya kacal. Mutum biyu suka iso wani gidan haya a bakin teku, suka rutsa Stanley, wani ɗan haya a gidan, da tambayoyin da ba su da kai ba su da gindi har ya kasa furta kalma, suka tafi da shi. Da yake ba a ambaci ƙasa ko jam'iyya ba, masu sharhi suka ɗauka tsoro ne marar dalili. Amma ai haka hukuma ke karya mutum.

Abin da ya sauya shi ne ya daina ɓoyewa. Juyin mulkin da ya hamɓarar da Shugaba Salvador Allende a Chile a 1973 ya sa ya fara sukar Amurka a fili. A 1985 ƙungiyar marubuta ta PEN ta tura shi Turkiyya tare da Arthur Miller, marubucin wasan kwaikwayo Ba'amurke, suka gana da marubutan da aka azabtar. A liyafar jakadan Amurka a Ankara ya tayar da zancen azabtarwa, aka nemi ya fita, Miller ya bi shi. Daga nan Mountain Language ya fito a 1988, gajeren wasa da hana Kurdawa harshensu ya haifar: tsohuwa ta je ganin ɗanta a kurkuku, an hana ta magana da yarenta, da aka ɗage dokar kuma sai ta yi shiru.

Kada ka mayar da shi waliyyi. Margaret Thatcher ta jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ya zaɓa a 1979, daga baya ya ce ya ji kunyar hakan. Shigarsa kwamitin kare Milošević, tsohon shugaban Yugoslavia da aka tuhuma da laifukan yaƙi, a 2001 kuwa, a ganina babban kuskure ne.

Game da Nobel ta 2005, dalilin da kwamitin ya bayar a kan wasanninsa ne. Laccarsa ce ta cika da siyasa. Rashin lafiya ya hana shi zuwa Stockholm, sai aka nuna ta a bidiyo, inda ya caccaki mamayar Iraƙi, ya ce Tony Blair, firaministan Birtaniya na lokacin, ya cancanci gurfana a kotun duniya da ke Hague. Ya rasu ranar 24 ga Disamba 2008.