Fatawa: Hukuncin Majalisar Sauraron Waƙoƙi a Ƙauye

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, Jihar Jigawa. Muna da majalisa a ƙofar shagon mai cajin waya, muna haɗuwa bayan isha'i, musamman in an gama kaka aiki ya yi sauƙi. Akwai samari, akwai magidanta, har da dattawa. Kowa yakan zo da abin da ke cikin memorinsa a sa a sifika, mu saurara, mu yi ta hira a kai. Wani ya kawo tsofaffin waƙoƙin noma da na fada da aka kwaso daga kaset, wani bege, wani na Indiya ko na Sudan, 'yan cirani kuma su dawo da nasu daga Legas. Wadda ta yi wa mutum daɗi sai a tura masa. Dattawan sukan warware mana tsohuwar Hausar da ke ciki da tarihin mutanen da aka ambata. To limaminmu ya ce duk haramun ne, mu watse. Wasunmu kuma suna tsoron in an watse yaran za su koma majalisar 'yan shaye-shaye. Mene ne hukuncin zaman nan? Wanda ya tura wa wani waƙa yana da laifi? Kuma ya halatta a bi mai zama da mu sallah?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka ɗan'uwa, da ka tambaya. Tun a Ahalari, ƙaramin littafin fiƙihun Malikiyya na masu fara karatu, aka karantar da mu cewa bai halatta mutum ya aikata abu ba sai ya san hukuncin Allah a kansa, ya kuma tambayi malamai.

Abin da ke cikin memorin nan ba iri ɗaya ba ne, don haka ba za a yi masa kuɗin goro ba. Akwai wanda babu malamin da ya halatta shi, akwai wanda halaccinsa a fili yake, akwai kuma wanda magabata suka saɓa a kansa. Ka kuma lura da cewa ku da niyya kuke zama ku saurara. Hukuncinku daban ne da na wanda ya shiga motar kasuwar Gujungu direba ya kunna abin da ya ga dama. Shi wannan ba a kama shi da laifi ba, ku kuwa ku kuka zaɓa. Kasancewar sautin naɗaɗɗe ne ya raba ku da wasu ɓarnace-ɓarnacen dandali, kamar cakuɗuwar maza da mata da rawa da liƙi, amma bai canza komai a hukuncin kalmomin da ake furtawa ba.

Waƙa da murya, in maganarta mai tsabta ce, halal ce. Sahabbai sun rera baituka suna haƙa ramin Handaƙ, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana amsa musu. Anjashata yana yi wa raƙuma waƙa a tafiya, Annabi bai hana shi ba, sai dai ya ce ya sassauta saboda matan da ke kan raƙuman. A Buhari da Muslim, Nana A'isha ta ba da labarin 'yan mata biyu da ke waƙar yaƙin Bu'asu a ɗakinta ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Annabi ya ce ya ƙyale su. A ƙasarmu ma da waƙa aka isar da addini lungu-lungu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi waƙoƙin wa'azi, 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan ƙauyuka ta hannun jajis ɗinta, wato matan da take aikawa su koyar. Saboda haka waƙen wa'azi, da na tarihi, da na zuga manomi ya riƙe garma, da Ishiriniya da makamantanta, babu abin da ya hana ku taru ku ji su, ku tattauna ma'anarsu.

Sai wanda babu saɓani a haramcinsa. Waƙar batsa, da mai siffanta jikin mace, da mai ƙawata giya ko ƙwaya ko zina, haramun ce ko da babu ko tafi a cikinta. Haka kiɗan bori da ake yi wa iskoki kirari ana kiran su, wannan ya ma wuce maganar waƙa ya taɓa tauhidi. Haka waƙoƙin siyasa na zagin abokin hamayya, waɗanda a ƙauye irin naku, inda kowa ɗan'uwan kowa ne ko surukinsa, gaba kawai suke bari bayan zaɓe ya wuce. Muryar macen da ba ta halatta ga mutum ba kuma, in jin daɗin sha'awa yake nema da ita, Risala, littafin fiƙihu na Ibnu Abi Zaidin, ta hana shi a fili.

Tsofaffin waƙoƙin fada suna da tarihi da Hausa mai nauyi, na yarda, ni ma na san darajarsu ta wannan fuska. Amma yawancinsu ba sa rasa zambo ga 'yan'uwan sarki da suka nemi sarauta tare da shi. Waɗanda aka yi wa zambon sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu suna nan da rai, kuma Annabi ya hana zagin matattu. Tsufan waƙa ba ya wanke zambon da ke cikinta.

Inda na fi so ku buɗe kunne shi ne bege, domin a nan ne mutane suka fi sakin jiki, suna ganin duk abin da aka kira yabon Annabi ya tsira. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ce Annabi ya shigo wurinta lokacin aurenta, 'yan mata suna buga bandiri suna ambaton iyayenta da aka kashe a Badar. Sai ɗayarsu ta ce a cikinmu akwai Annabin da ya san abin da zai faru gobe. Nan take ya ce mata ta bar wannan, ta koma abin da take faɗa da farko. Hadisin yana cikin Buhari. Duba abin da ya yi da kyau: bai kori 'yan matan ba, bai karɓe bandirin ba, baiti guda ya cire, kuma baitin yabonsa ne. A wani hadisin ya ce kada a wuce gona da iri wajen yabonsa kamar yadda Nasara suka yi wa ɗan Maryam. To duk begen da ya ba Annabi, ko wani shehi, abin da na Allah ne shi kaɗai, a cire shi, komai daɗin muryar sha'irin. Wanda ya tsaya kan haddi kuwa ibada ce da ƙarin soyayya. Wannan hadisin na Rubayyi'u shi ne tsarin da nake so majalisarku ta ɗauka gaba ɗaya.

Waƙoƙin harsunan da ba ku ji, ƙa'idar Ahalari ta shafe su. A waƙoƙin finafinan Indiya akwai waɗanda addu'o'i ne ga abubuwan bautarsu, yaro yana bi yana rerawa bai sani ba. Wanda ya yi cirani a Legas ya san abin da ake faɗa a waɗanda ya kawo, ya ji tsoron Allah ya faɗa muku gaskiya. Abin da babu mai iya fassara shi a cikinku, ku ajiye shi.

Yanzu sai kayan kiɗa: kalangu, kotso, gurmi, kukuma, goge, sarewa, jita, fiyano da kiɗan kwamfuta. Nan ne gardamar take, kuma nan ne limaminku yake da ƙafar tsayawa. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun haramta su. Sun kafa hujja da aya ta 6 a Suratu Luƙman, kan mai sayen zancen shagala don ya ɓatar daga hanyar Allah, wadda Abdullahi ɗan Mas'ud ya rantse cewa waƙa ake nufi. Sun kuma kawo hadisin Buhari cewa za a samu wasu a al'ummar nan da za su halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa. An tambayi Imamu Malik kan waƙar da wasu mutanen Madina ke sassautawa, ya ce fasiƙai ne ke yin ta a wurinmu. Ibnu Abi Zaidin, wanda ya rasu a 386 bayan hijira, ya faɗa a Risala cewa bai halatta ka yi gangancin sauraron kayan wasa da waƙa ba. Muhtasar na Halil ya yi rangwame a walimar aure: bandiri ya halatta ko ga namiji, a babbar ganga an saɓa, Ibnu Kinana ma ya halatta sarewa da ƙaho. Wasu malaman Malikiyya sun taƙaita rangwamen bandiri ga aure, wasu sun faɗaɗa shi ga idi da sauran lokutan farin ciki.

A ɗaya ɓangaren akwai Ibnu Hazm, wanda ya rasu a 456 bayan hijira. Shi ya ce hadisin Buharin isnadinsa, wato jerin masu ruwaito shi, a yanke yake, ayar Luƙman kuma wanda ya yi nufin ɓatarwa take zargi. Maganarsa kan isnadin ba ta karɓu ba, Ibnus Salah da Ibnu Hajar sun nuna hadisin a sadar yake ta wasu hanyoyi. Duk da haka Shaukani ya rubuta takarda guda yana rushe da'awar cewa an yi ijma'i, wato duk malamai sun haɗu, kan haramcin sauraro gaba ɗaya, kuma a zamaninmu an samu manyan malamai irin su marigayi Ƙardawi da suka halatta da sharuɗɗa. Samari sukan ce ai Gazali ya halatta. Su koma littafinsa Ihya'u su karanta da kyau. Gazali ya halatta sauraro, amma ya cire kayan tsirkiya da wasu na busa da ganga mai tsukakken ciki, wadda siffarta ta kalangu ce, saboda a zamaninsa alamar mashaya ko 'yan daudu ne. Wanda zai jingina da shi sai ya ɗauki maganarsa duka.

Ko a gidan Shehu an yi wannan muhawara. A littafinsa Kitabul Farƙi ya soki sarakunan Haɓe kan shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana, ya ce Musulmi suna buga tambari ne don wata buƙata ta shari'a, kamar tara runduna. Bayan jihadin 1804, a Najmul Ikhwan, ya kawo saɓanin malamai ya sassauta, yana hana tsananta wa jama'a a abin da aka saɓa. Ƙaninsa Malam Abdullahin Gwandu ya fi shi tsanani a mas'alar, kuma wannan bai raba su ba.

Abin da na rinjayar shi ne maganar jumhuru, wato mafi yawan malaman da suka haramta kayan kiɗa, domin hadisin ya inganta kuma shi ne mashhurin mazhabar da ƙasarmu ke kai. Don haka fatawata ita ce ku fitar da waƙoƙin kayan kiɗa daga sifikar majalisa. Akwai ƙarin dalili da ya shafe ku musamman: mai riƙe da sifika ba kansa kaɗai yake jiyarwa ba. Yana jiyar da dattijon da ke ganin abin haramun ne amma kunya ta hana shi tashi, da yaron da ya raɓo, da matan gidan da ke bayan danga. Wanda ya gamsu da fatawar masu halattawa, bisa ilimi ba son zuciya ba, ya ji abinsa shi kaɗai, tsakaninsa da Ubangijinsa, ba zan kira shi fasiƙi ba. Amma ba shi da ikon ɗora wa jama'a zaɓinsa.

Zaman kansa ban ga dalilin rushe shi ba. Annabi ya ce wa Hanzala sa'a da sa'a, wato zuciya tana buƙatar hutu. Majalisar da yaro ke zama kusa da dattijo yana koyon Hausar kakanninsa abu ne da ya yi ƙaranci yanzu, kuma tsoron da kuke ji game da majalisar 'yan shaye-shaye tsoro ne na gaskiya da shari'a ke dubawa. Sai dai wannan tsoron dalili ne na gyara zaman, ba lasisin ci gaba da komai ba. Ku ba dattijo ɗaya mai ɗan karatu ikon cewa a wuce wannan, kowa kuma ya yarda ba gardama. In an sa abin da haramcinsa a fili yake aka ƙi cirewa, wajibi ne ka tashi.

Lokacin ma abin dubawa ne. Ya tabbata a Buhari cewa Annabi yana ƙin barci kafin isha'i da hira bayanta, malamai suka togace hirar da ke da amfani. Ma'auninku sallar asuba: in sahu ya fara raguwa saboda majalisa, ta zama laifi ko da wa'azi kuke saurare. Ku rage sauti, dare a ƙauye yana kai ƙara nesa, ga mara lafiya, ga mai jego, ga almajirai suna karatun dare. Ku kuma raba karatun Alƙur'ani da waƙoƙi a memori, kada sifika ta yi tsalle daga waƙa zuwa sura ana tsakiyar shewa. In an sa karatu, aya ta 204 a Suratul A'araf ta ce a saurara a yi shiru.

Turawa tana bin hukuncin abin da aka tura. Hadisin Muslim ya ce mai kira zuwa shiriya yana da kwatankwacin ladan waɗanda suka bi shi, mai kira zuwa ɓata yana da kwatankwacin zunubinsu. Wanda ya zuba wa yaro batsa a waya yana da kasonsa duk lokacin da aka kunna, mai shagon da ke karɓar kuɗi yana lodawa shi ma ya tace abin da yake sayarwa.

Limaminku kuwa, kada ku mayar masa da martani a majalisa, kada kuma wani ya ɗauki wannan amsa ya je yana kaɗa masa ita a fuska. Mafi yawan abin da ya faɗa yana da asali a littattafan da ya karanta. Dattawanku su same shi a zaurensa, su gaya masa abin da kuka cire da abin da kuka bari, su roƙe shi ya riƙa leƙo ku ko da sau ɗaya a mako. Sallah bayan wanda ke zama da ku ingantacciya ce, ba a sake ta. In dai za a naɗa limami na dindindin, a gabatar da wanda ya fi karatu da tsantseni.

Allah ne mafi sani.