Moto yana rawa, ambiriyaj yana zamewa: mai mai kauri ba magani ba ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kabu-kabu ne a nan Damagaram, moto 125 gare ni. Kwanan nan yana karkarwa ƙwarai, in na kai mutum Mirriah sai hannuwana su mutu kafin in iso. In kuma na ɗauki buhu ko mutum biyu, inji ya yi ta ihu amma moto ba ya ja. Wani makanike ya ce in zuba man giya na mota, wato na akwatin bites, wai kaurinsa zai kwantar da rawar ya kuma riƙe ambiriyaj. Da moton nan nake ciyar da gidana, tsoro nake ji kar inji ya mutu mini. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Tsoron da kake ji a kan hanya yake, amma in har ba ka zuba man nan ba, da sauran gyara.

Matsala biyu gare ka, kar ka haɗa su. Fara da rawar. Ka kafe moto a kan ƙafarsa ta tsakiya, ba tare da ka sa bites ba, ka ba shi wuta a hankali. In yana karkarwa a tsaye, abin daga inji ne ko wurin da aka ɗaure shi. In sai kana tafiya yake yi, ka samu hanya mai kyau, ka ɗan yi gudu, ka matse ambiriyaj ka sassauta wuta. Rawar ta ci gaba? To inji ba shi da laifi. Duba taya ko ta yi ƙulli, janti ko ya lanƙwashe, rulman ƙafa, robobin da ke cikin ƙafar baya, da sarƙa: wasanta ya zama kamar santimita 2 zuwa 3, kada wani wuri ya ɗame wani ya saki. Abin da na fi gani a motocin da ke bin hanyoyin ƙauye masu gargada shi ne notocin da suka riƙe inji a jikin moto sun kwance, ko ƙarfen wurin ya tsage. Wannan aikin ƴan mintuna ne. Ka kuma sani inji mai piston ɗaya ba ya rasa ƴar rawa tun daga kamfani, wadda ta ƙaru ita ce abin bincike.

Ambiriyaj kuwa, wanda zamewarsa ce ke sa inji ya yi ta ihu moto ba ya ja, fara da waya. Hannun ambiriyaj yana son wasa na milimita 10 zuwa 20 a ƙarshensa kafin ya fara ja. Yara da yawa suna ɗame shi tamau don bites ya riƙa shiga da sauƙi, sai faifan ciki su zauna ba su haɗe sosai ba, suna gogar juna har su ƙone. In ka gyara wasan bai daina ba, a buɗe. Sabon faifai mai ɓawo kaurinsa kusan milimita 3 ne a irin wannan inji, in ya siɗe ko ya yi baƙi yana warin ƙuna, a canza su duka tare da sifirin. Na ƙarfen a ɗora su a kan gilashi, wanda bai kwanta daidai ba ya lanƙwashe. In kwandon ambiriyaj ya yi tsaga-tsaga a bakinsa, shi ke sa moto fizga lokacin tashi.

Yanzu maganar man giya. Wallahi wannan magana ta ishe ni. Babu makon da zai wuce ba a kawo mini inji da aka kashe da ita ba, kuma kullum mai shi cewa yake “ai da na zuba ƙarar ta yi sauƙi”. Ƙwarai za ta yi sauƙi. In rulman biyel (ƙarfen da ke haɗa piston da sandar da ke juya inji) ya ci, ko piston ya yi wasa a cikin silinda, mai mai kauri yana cika gurbin ya danne ƙarar, kamar a rufe bakin mara lafiya a ce ya daina nishi. Ƙarfen da ya ci bai dawo ba, kai ne kawai ka daina jin gargaɗinsa.

Ga abin da masu wannan shawara ba sa faɗa maka. A moto irin naka, mai ɗaya ne yake hidimar inji da bites da ambiriyaj gaba ɗaya. Famfon mai ƙarami ne, hanyoyin da yake tura mai zuwa saman inji sirara ne. Da asubahin hunturu, man giya ya yi daskarar da ba zai hau sama da wuri ba, ƙarfe ya yi ta cin ƙarfe a bushe kai kana murna babu ƙara. Faifan ambiriyaj kuma a cikin man nan suke iyo. Man giya an haɗa shi ne don haƙoran ƙarfe, wasu mayukan injin mota kuma an sa musu sinadarin ƙara santsi don rage shan esansi. Duk wanda ya jiƙa faifanka a cikinsu, zamewar ƙaruwa za ta yi. Saboda wannan ne Japan ta fitar da ma'aunin JASO na man moto a 1998. Ka duba bayan galan: in ka ga JASO MA ko MA2, na irin ambiriyaj ɗinka ne. MB na ƙananan motocin da ba a sa musu bites ne, kar ka saya. A zafin garin nan mai lambar kauri 20W-50 ya wadatar, kusan lita ɗaya, in ba littafin motonka ya ce wani abu dabam ba. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, wanda ba ka ga galan ɗinsa a rufe ba, ka bar shi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ƙarshen wannan dabara ba a gareji yake faruwa ba, a kan kwalta yake faruwa. Ranar da biyel ya riƙe kana gudu, ƙafar baya cijewa take yi nan take, ga mace da goyo a bayanka, ga babbar mota tana tafe a hanyar Magaria. Makaniken da ya karɓi ƴan dalolinka yana zaune a inuwa. Ƴan uwana masu sana'a, mu ji tsoron Allah: wanda bai san ciwon inji ba ya ce bai sani ba, ya tura yaro gaba. Haka masu cusa washa a ƙarƙashin sifirin don faifan da ya mutu ya ƙara mako biyu, su ma su daina.

In ka riga ka zuba, kar ka ƙara ɗaukar kowa. A juye man da zafinsa a cikin kwano mai tsabta, ka kai shi rana ka duba. In ka ga ɗigo-ɗigon ƙarfe suna ƙyalli, sai an sauke inji an duba biyel. In babu, a wanke, a sa sababbin faifai bayan an jiƙa su a man moto, ka yi ƴan kwanaki kaɗan ka sake yin bidanj, wato juye mai. In kuma wata rana ka ji inji ya cije kana tafe, matse ambiriyaj nan da nan don ƙafar baya ta saki, sannan ka taka birki a hankali ka sauka gefen hanya.