Me ya sa ƙasashen waje ke yi mana rediyo da Hausa?

Malam, ka tambaya me Ingila da Jamus da Sin ke samu da suke kashe kuɗi suna watsa labarai da Hausa, ko tsabar ƙauna ce. Ruwa ba ya tsami banza. Wani masanin siyasa ɗan Amurka, Joseph Nye, shi ya raɗa wa abin suna “soft power” wajen 1990, wato ƙasa ta cimma buƙatarta ta hanyar jan zuciyar mutane, ba da bindiga ko matsin tattalin arziki ba.

BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957. Mahaifina a Fagge, bayan sallar asuba rediyonsa na kan tabarma kusa da buta, kuma in London ba ta faɗa ba, labari bai tabbata ba a wurinsa. Wannan yardar ita ce ribarsu.

Amma a ganina Indiya ta fi kowa ci a Kano, kuma ba gwamnatinta ce ta ƙulla ba. 'Yan Labanan masu gidajen sinima suka kawo finafinan, muka ga kunya da auren dole da rikicin dangi irin namu, sai muka rungume. Rawa da waƙar Kannywood can suka samo tushe. Saudiyya kuwa ta bi ta karatu: ɗaliban Jami'ar Madina sun dawo suna wa'azi a masallatanmu.