Takardar da nake bugawa a shago ce ke cinye mana bishiyoyi?

Tambaya: Salam malam. Ina da ɗan shagon fotokwafi da buga takardu a Kabuga kusa da tsohuwar BUK, lokacin da ɗalibai ke haɗa firojet rim ashirin baya kai min sati. Yarinyata ce ta dawo daga makaranta take ce min wai malaminsu ya ce duk takarda da bishiya ake yinta, kuma mu masu buga takardu muna cikin masu jawo hamada. Abin ya tsaya min a rai wallahi, don da wannan sana'ar nake ci da iyali. Gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam malam, Allah ya yi wa sana'a albarka ya raya yarinya. Malamin nasu bai yi ƙarya ba a rabin farko, takarda dai da itace ake yinta, amma rabi na biyun akwai gyara. Takardar da ke shagonka babu bishiyar Kano ko ɗaya a cikinta. Ɗauko rim ɗaya ka juya bayan ledar ka karanta, yawanci za ka ga Indunusiya ko Birazil ko Tailan ko wata ƙasar Turai. Mu abin da ke cinye mana itatuwa a arewa kowa ya sanshi, itacen girki ne da gawayi da share daji don noma, ka tsaya bakin titin Zariya ko hanyar da ta fito daga Falgore da yamma ka ƙirga motocin gawayi da ke shigowa gari, ka ga inda kirya da marke da ƙadanya suke tafiya. Har ƙadanya fa, bishiyar da mata ke samun man kaɗe da ita, ita ma ba a barta ba don gawayinta na da kyau. Wannan shi ne ke ƙona min rai a matsayina na wanda ya karanci gandun daji.

To amma ba zan ce maka je ka abinka takarda bata da laifi ba, don tana da nata, sai dai laifin a can nesa yake faruwa inda idonmu baya kaiwa.

Bari in faɗa maka yadda ake yinta sai ka gane inda matsalar take. Itace a cikinsa akwai wasu siraran zaruruwa, su ake nema, sannan akwai wani abu kamar ƙaro da ya manne su wuri ɗaya ana ce masa liginin, shi ke sa itace tauri. Za a ɓare bawon gungume a daddatsa shi ƙanana, a zuba a wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe a dafa da soda mai ƙarfi da wani sinadarin farar wuta har ƙaron nan ya narke zaren ya rabu, shi yasa garin da ke da irin wannan masana'anta sau da yawa tun daga nesa za ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwan dahuwar baƙi ne ƙirin, kamfanin da ya san abin da yake yi baya zubar da shi, kafe shi yake ya ƙona a samu wutar da za ta tafi da injina kuma a maido da sodar a sake aiki da ita. Zaren da ya fito ruwan ƙasa ne, kalar takardar buhun siminti da masu balangu ke naɗe nama da ita, ai wannan takardar kenan ba a wanke ta ba. Taka fara tas sai an wanke ta da sinadari, kuma nan ne aka daɗe ana ɓarna. Da can iskar kulorin ake sawa, a shekarun 1980 aka gano tana haifar da wata guba mai suna dayoksin da ke bin ruwan masana'anta ta shiga kogi ta taru a jikin kifi, mutane su ci. Bayan an matsa musu lamba yawancin manyan kamfanoni suka canza zuwa wani nau'in sinadarin da ya rage gubar sosai, wasu ma suka bar dangin kulorin gaba ɗaya. Ɗan Kano ba sai an yi masa dogon bayani kan dattin masana'anta a kogi ba, duk wanda ya ga ruwan da ke fita daga kamfanonin fata na Challawa da Sharaɗa ya san abin da nake nufi, kuma aikin takarda na cikin sana'o'in da suka fi shan ruwa.

Sai maganar inda aka samo itacen, wanda shi ne asalin tambayarka. Akwai hanya biyu. Wasu shuka bishiyar suke kamar yadda ake noman rake, a Birazil gonakin bishiyar turare ne manya manya, shekara 6 zuwa 7 an sare an sake shukawa, a Finlan da Suwidin kuma doka ce in ka sare daji sai ka tabbatar ya sake tsirowa. Wannan da sauƙi, duk da dai gonar bishiya iri ɗaya ba daji ba ce, tsuntsaye da namun dawa basa samun abin da suke samu a kurmi na asali, kuma turare akwai zuƙar ruwa, manomanmu da suka zagaye gona da shi sun sani. Hanya ta biyu ita ce mummunar, a tsibirin Sumatira na Indunusiya an share kurmi mai tsufa an janye ruwan fadamun da ke ƙarƙashinsa don a shuka itacen takarda da kwakwar manja, ƙasar fadamar nan kuwa tarin ruɓaɓɓen ganye ne na dubban shekaru, in ta bushe ta kama wuta sai tai ta ci ta ƙarƙashi wata da watanni, a 2015 hayaƙin sai da ya rufe har Singafo da Malesiya aka rufe makarantu.

Ta yaya kai da ke Kabuga za ka bambance? Ka duba jikin ledar rim ɗin ko katan, akwai wani ɗan tambari mai kamar bishiya haɗe da alamar maki an rubuta FSC, ƙungiya ce da aka kafa 1993 tana tura masu bincike su duba yadda ake kula da dajin, akwai kuma wata ƙungiyar irinta mai tambarin PEFC. Ba wai tambarin ya wanke komai ba ne, an sha sukarsu, amma a ganina rim mai shi ya fi wanda ba a san asalinsa ba, in kuɗin bai yi nisa ba ka ɗauki mai tambarin in ka je sari.

Abin takaicin shi ne mu ma mun taɓa kama hanyar yin tamu. Gwamnati ta gina masana'antu uku, ta Jebba a Kwara da ta fara aiki 1969, ta Oku Iboku a Akwa Ibom ta takardar jarida a 1986, da ta Iwopin a Ogun wadda ita ce aka so ta dinga yin irin farar takardar da kake saye. An shuka malaina mai yawan gaske a dazukan Omo da Oluwa saboda su. Amma zaren malaina gajere ne sai an haɗa da dogo daga waje, sinadarai da kayan gyara ma daga waje, da dala ta yi wuya duk suka durƙushe. Shi yasa yau dala na motsawa kuɗin rim ke tashi a hannunka. Ta Jebba bayan an sayar wa 'yan kasuwa ta koma sarrafa tsofaffin takardu.

Nan kuma kai kake da abin yi. Rim ɗaya na A4 mai nauyin giram 80 kilo biyu da rabi ne, ka lissafa wadda ke lalacewa a shagonka a wata, wadda inji ya tauna da wadda ɗalibi ya ce an yi kuskure a sake. Zaren takarda ana iya sake sarrafa shi kamar sau 5 zuwa 7 kafin ya gajarce ya daina kamawa, da shi ake kwali da kiret ɗin ƙwai da tishu. Don haka kar ka ƙona ta a bakin shago, kar kuma a watsa a kwata ta haɗu da leda ta toshe magudana damina ta zo a shiga uku. Ka samu buhu ka dinga tarawa a inda ruwa baya taɓawa, farar daban kwali daban don farar tafi daraja, masu sayen kwali da 'yan jari bola a kilo suke auna. Ka riƙa tambayar kwastoma ko a buga masa gaba da baya, da yawa za su yarda tunda sauƙi ne gare su. Abu ɗaya da zan roƙe ka, wadda aka riga aka buga kar ka bai wa mai ƙosai ko mai awara, tawadar firinta ba abin ci ba ce kuma mai da zafi na ɗago ta ta manne a abinci.