Amsa: Manhajojin da za su yi maka amfani a tafiyar Umara

Malam, ka ce Umararka ta farko ce, kana tambayar manhajar da ya kamata ka sauke kafin ka tashi daga Kano. Nusuk ce ta farko, ta ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya, domin a cikinta ake neman izinin shiga Rauda a Masallacin Annabi (SAW). Sai HHR Train, ta sayen tikitin jirgin ƙasan Haramain tsakanin Makka da Madina, tafiyar kusan kilomita 450 da yake cinyewa cikin awa biyu da 'yan mintuna. Na tasi kuma Uber ko Careem, ko wacce ta wadatar.

Sharaɗi ɗaya dai: ka yi rajistar Nusuk tun kana gida da zarar biza ta fito, ka kama gurbin Rauda da wuri. Ni sai da na isa Madina na buɗe ta, na tarar kwanakin da nake da su duk an cike, da ƙyar na samu na tsakar dare. Ka kuma sauke taswirar Makka a Google Maps ka sa wa masaukinka alama, don bayan sallar isha'i ƙofofin Harami duk kama suke yi wa baƙo.